Inna Ta Ce In Bar Kemo, Maigida Ya Ce In Kwanta, Wa Zan Bi?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 44, 'ya'yana huɗu. Wata biyar da suka wuce aka tabbatar min da sankarar mama. An yi min aiki an cire na hagu har da kaluluwar hammata, yanzu ina karɓar kemo, wato maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, duk bayan sati uku. Guda takwas aka rubuta min, na yi uku. Wallahi Anti ciwon bai kayar da ni yadda maganin ya kayar da ni ba. Duk ranar da aka saka min jan ruwan nan sai in kwana huɗu ina amai. Ko warin daddawa ko suyar maƙwabta na ji sai zuciyata ta tashi, yanzu ma ƙofar asibitin kawai zan hango yawu ya cika min baki. Bakina ya yi gyambo, komai na ci ɗanɗanon ƙarfe, gashina ya zube, farcena da tafin hannuna sun yi baƙi. Da rana kasala, da dare babu barci.

Mahaifiyata ta tare a gidana. Ta ce maganin asibiti ne ke ƙona ni. Ta kawo jiƙo a jarka daga ƙauye, tana kuma so a kira wanzami ya yi min ƙaho a kafaɗar da aka yi aikin. Ina shan jiƙon don kada ta yi fushi, ban faɗa wa likita ba. Maigidana ya hana ni ɗaukar ko buta, ya ce in kwanta kawai. Ƙanwata ta gani a WhatsApp cewa sukari da nama da madara suna ciyar da kansa, ta hana ni su, ta sayo min ƙwayoyin bitamin masu tsada. Na rage kilo 6. Likitana mutumin kirki ne amma layi ya yi masa yawa, minti biyar ya sallame ni. Autata mai shekara 8 tun da ta ga kaina babu ɗankwali ta daina shiga ɗakina. Saura kwana tara in koma, zuciyata na ce min kada in koma. Akwai abin da zan yi, wanda ba ƙarin magani ba, da zai sauƙaƙa min? Kuma cikinsu wa zan bi?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa wannan wahala kaffara ce.

Sau uku na karanta wasiƙarki. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kowa a gidan nan yana da ta cewa a kan jikinki sai ke mai jikin. Inna ta yanke hukunci, maigida ya yanke, ƙanwarki ta yanke, ke kuwa kina kwance kina lissafin wanda zai ji haushi in kin ƙi bin nasa. Su ukun nan tsoro ne ke magana da bakinsu, tsoron rasa ki, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin taimakon da kike tambaya akwai shi, yana kuma aiki, sai dai ba ya zuwa a shirye kamar rigar kanti. Ɗinka shi ake yi daidai jikin mai shi, kuma ke ce za ki ba da awon.

Kafin mu je ga awo, ki koma asibiti ranar da aka ba ki. Aikin da aka yi miki ya cire abin da ido ke gani, shi kuwa kemo farautar 'yan ƙwayoyin da suka sulale yake yi, waɗanda ko hoto ba ya kama su. Duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa yake kai wa hari, shi ya sa yake haɗawa da saiwar gashi, da fatar cikin baki, da ɓargon da ke ƙera jini, don su ma masu saurin girma ne. Masu lafiyan suna farfaɗowa, hutun sati ukun nan ma dominsu aka yi shi. Baƙin farce da tafin hannu da ya tayar wa Inna da hankali sanannen abu ne da waɗannan magunguna, ya fi fitowa ga masu baƙar fata irinmu, kuma yana washewa a hankali bayan an gama. Gashi ma yana dawowa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun kwatanta waɗanda suka ƙi maganin asibiti gaba ɗaya suka dogara da wasu hanyoyi, da waɗanda suka tsaya a asibiti. A cikin masu sankarar mama, haɗarin mutuwar waɗanda suka ƙi ya ninka fiye da sau biyar. Ke kin riga kin yi aiki da zagaye uku, lissafinki ba nasu ba ne sak, amma ba na so ki haƙa rijiya ki tsaya ana gab da taɓa ruwa.

Sai dai ba zan ce miki "ki yi haƙuri" in yi shiru ba. Amai na kwana huɗu ba haraji ba ne da dole kowa ya biya. Alama ce cewa maganin hana aman da aka ba ki bai ishe ki ba, kuma sun fi kala ɗaya, ana canzawa, ana haɗawa, ana kuma shan su a kan lokaci tun zuciya ba ta tashi ba. Wannan aikin likita ne, amma ba zai gyara abin da bai sani ba. Duk abin da zan faɗa miki daga nan a kan wannan yake hawa.

Ke malama ce, kin san rajista. Ki sa a sayo miki littafin rubutu mai shafi 40 da ma'aunin zafin jiki. Kowane dare layi uku kawai: yau kwana nawa da kemo, sai ki ba tashin zuciya da kasala da ciwon baki da barci maki daga 0 zuwa 10, sai abin da kika ci ya zauna da wanda ya dawo. Kafin zagaye ɗaya ya ƙare za ki ga ashe wahalar nan tana da jadawali. Ga mafi yawan mutane kwanakin farko na amai ne, tsakanin kwana na 7 da na 14 garkuwar jiki ke sauka ƙasa, sati na uku kuma ƙarfi ya dawo. Naki zai iya ɗan saɓawa, kuma naki muke nema. Lokacin da na yi jinyar gwaggona, sai da muka yi zagaye biyu muna fama da ita da shayi mai zafi kafin muka gane abin da cikinta ke karɓa kunun gyaɗa ne da ya huce sarai, a ƙaramin kofi, da hantsi. Matar da ke kujerar kusa da ita a ɗakin kemo kuwa ko sunan kunu ba ta son ji, busasshen burodi ne nata da ruwan shayi babu madara. Magani ɗaya ake ɗura musu, jiki ne kowa da nasa.

Tashin zuciyarki ta hanci yake shigowa, to a tare hancin. Abinci mai zafi ya fi tururi da ƙamshi, ki bari ya huce. Kwana huɗun farko a yi girki nesa da ɗakinki, in da hali a dafo daga gidan 'yan'uwa a kawo a rufe, a kuma ajiye daddawa da suya. Turaren wuta da humra ma su tafi hutu, har na masu zuwa dubiya, ki sa ƙanwarki ta faɗa musu tun daga ƙofa. Kada ki bar cikinki wayam, yunwa tana ƙara tayar da zuciya. Loma kaɗan sau shida ta fi kwano cike sau uku, biskit ko burodi a gefen gado kafin ki tashi, ruwa kurɓi-kurɓi tsakanin abinci, kuma in kin ci ki jingina, kada ki kwanta nan take. Ranar kemo kada ki ci abincin da kika fi so a duniya, don zuciya kan haɗa shi da aman ta tsane shi na watanni. Citta tana taimakon wasu. Wani gwaji da aka buga a 2012 a kan masu karɓar kemo 576 ya nuna rabin giram zuwa giram 1 a rana, tare da maganin hana amai, ya rage tashin zuciyar ranar farko, wasu gwaje-gwajen kuma ba su ga wani bambanci ba. Wato ɗan yanki a cikin tafasasshen ruwa, ba tulin citta ba, kuma da sanin likita. Akwai kuma wani wuri a cikin hannu, faɗin yatsu uku ƙasa da wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyun nan. Ki danna shi da babban yatsa minti biyu zuwa uku, a hannun dama. In ya yi miki ki riƙe, in bai yi ba babu asarar ko sisi.

Yawun da ke cika miki baki a ƙofar asibiti ba raki ba ne, ba kuma aljanu ba. Ƙwaƙwalwa ce ta haddace darasi: wannan ƙofa, wannan wari, sai amai. Abin da aka haddace ana iya goge shi. Tun yanzu da kike da sauƙi, sau biyu a rana ki zauna ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, kafaɗu a sake, minti biyar. In kin fi so ki ɗora shi a kan tasbihi, ya ma fi. Sai jiki ya saba da shi a gida zai amsa miki a asibiti. Ranar kemo ki tafi da abin kunne da karatun da ke kwantar miki da hankali, da ɓawon lemun tsami a ƙulle a gefen mayafi ki riƙa shinshinawa.

Baki kuwa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ɗaya na bekin soda irin na kek. Ki lura, ba kanwa ba. Ki kurkure ki zubar bayan kowane cin abinci da kafin barci, a haɗa sabo kullum. Buroshin yara mai laushi, a ajiye aswaki in dasashi na jini, a ɗan rabu da yaji da tsami. Cokalin roba ko na katako yana rage ɗanɗanon ƙarfe. In kin ga fari-fari kamar madara a harshe, ko haɗiya ta gagara, wannan ya wuce gishiri, sai magani.

Kilo 6 ɗin nan sun fi damuna a kan sukari. Ki gaya wa ƙanwarki, cikin raha, cewa kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam da sukari take aiki, har ƙwaƙwalwar da ta karanta saƙon WhatsApp ɗin. In kin daina ci, jiki zai narkar da tsokarki ya ƙera sukarinsa, ciwon bai ji yunwa ba, ke ce kika ji. Mai karɓar kemo tana bukatar abin gina jiki fiye da mai lafiya: dafaffen ƙwai, alala, faten wake, awara, kifi, naman da ya dahu lugub, madara a kunu. Ba na cewa ki zauna kina kwankwaɗar lemon kwalba, amma cokalin sukari a kunun da zai sa ki shanye kofi ba abokin gabarki ba ne. Abin gudu na gaskiya shi ne abin da zai shigo miki da cuta lokacin da garkuwa ta sauka: nonon da ba a tafasa ba, kwaɗon ɗanyen ganye, latas, tsiren bakin titi, zoɓo da kunun aya na gora, shinkafar jiya. Ƙwayoyin bitamin kuma ta kai wa likita kwalaben ya gani kafin ki ƙara haɗiyar ko ɗaya. Tsadarsu ba shaida ba ce, kuma wani bincike da aka buga a 2020 a kan mata masu sankarar mama a Amurka ya ga alamar cewa ciwon ya fi dawowa ga masu shan wasu nau'o'insu lokacin kemo. Tunda ƙanwarki mai himma ce, ki naɗa ta sarauniyar kicin. Ita za ta riƙa auna nauyinki duk sati tana rubutawa.

Sai maigida, kuma a nan zan ba ki mamaki. Kwanciyar da ya ɗora miki don ƙauna tana cikin abin da ke ƙara miki kasala. Gajiyar kemo ba irin ta wanda ya yi daka ba ce da barci ke warewa. Tsokar da aka daina mora narkewa take yi, in ta narke kuma zuwa banɗaki ma sai ya zama tafiya, sai a ƙara kwanciya, sai ta ƙara narkewa. Cikin duk abubuwan da aka gwada a kan wannan kasala, motsa jiki ne ya fi ƙarfin hujja. Shawarar da ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fitar a 2019 ita ce a kai minti 30, sau uku a mako, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka sau biyu. A watan Yunin 2025 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji da Kanada ta jagoranta a kan mutum 889 masu sankarar hanji da suka gama kemo. Waɗanda aka haɗa da mai horarwa, aka tsara wa kowa motsa jikin da ya zaɓa na shekara uku, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 37 cikin 100. Ciwonsu ba irin naki ba ne, amma ki lura da wannan: kowa abin da ya dace da shi aka tsara masa, kuma da yawansu tafiyar ƙafa ce kawai.

Ke ba daga minti 30 za ki fara ba. Minti biyar zuwa goma a tsakar gida, bayan asuba ko bayan la'asar da rana ta yi sanyi, da saurin da za ki iya hira amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ki zauna a kujera ki miƙe sau biyar. Ranakun amai ko zagaye ɗaya na tsakar gida ya wadatar, sati na uku ki ƙara. Ranar zazzaɓi, jiri, haki ko sabon ciwon ƙashi babu motsa jiki, akwai kiran asibiti. Ki kuma tambayi likita matsayin jininki, don ƙarancin jini ma yana kawo irin wannan mutuwar jiki, shi kuma gyaransa daban. Hannun hagu yana bukatar nasa kulawa tunda an cire kaluluwa: ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu kamar gizo, kullum a ɗan ƙara tsawo, ki roƙi a tura ki sashen gashin ƙashi su koya miki sauran, kuma in awarwaro ko zobe ya fara matse ki a wannan hannun ki faɗa da wuri. Shi maigida kada ki yi masa gardama, namiji in ya rasa abin da zai yi wa matarsa sai ya koma kafa doka. Ki ce masa, "Abban yara, ina so kai za ka riƙa zagayawa da ni bayan la'asar, ba na son kowa ya riƙe ni sai kai." Ki kuma tafi da shi ranar ganin likita ya ji da kunnensa. Ƙarfinki ki ɗauke shi kamar albashi, ba ya kai ƙarshen wata sai an tsara. Wanki da shara a ba wasu, ke ki kashe naki a kan duba aikin gidan yara da tafiyar nan. Ranar da tsayuwa ta gagara ki yi salla a zaune, Annabi (SAW) da kansa ya ba Imrana ɗan Husaini wannan rangwame.

Yanzu Inna, wadda ita ce mafi nauyi. Ki ɗan tsaya a inda take tsaye. Ta ga 'yarta ta tafi asibiti da ƙafarta, ta dawo babu mama ɗaya, babu gashi, hannu ya yi baƙi, tana amai kamar ranta zai fita. Da wane ido za ta ga wannan ta kira shi magani? Jarkar nan ita ce iyakar abin da ta sani, kuma ƙila sai da ta sayar da wani abu ta biya. Duk da haka, ƙanwata, ki daina shan jiƙon daga yau. Hanta da ƙoda su ke tace kemo, su kuma ke tace jiƙo. Babu wanda ya san sassaƙe nawa ne a ciki ko ƙarfinsu, ko mai haɗawar ba zai iya auna miki ba. Wasu tsirrai suna sa kemo ya fita da wuri bai yi aiki ba, wasu suna riƙe shi ya yi yawa ya zama guba. Zai yiwu wani kaso na aman nan nasa ne. In gwajin hanta ya fito ba daidai ba, likita zai ɗage miki kemo ko ya rage shi yana laluben dalili a duhu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗa masa kin sha, tun yaushe, kofi nawa. Ba ke ce ta farko ba a ranar ma. Ƙaho kuwa, ko tsaga, ko shafa wani ƙulli a kan tabon aikin, babu sassauci a kai. Jininki yanzu ba lallai ya tsaya da wuri ba, garkuwarki a ƙasa take, kuma kafaɗar da ake son yi wa ƙahon ita ce ɓangaren da aka cire kaluluwar da ke tsaronsa. Ƙaramin yanka a nan zai iya zama kumburin hannu na har abada ko ciwon da zai shiga jini.

Amma kada ki karɓe jarkar ki bar hannun Inna babu komai, uwa ba ta iya zaman kallo. Akwai aikin da ya fi ƙarfin likita wanda ita kaɗai za ta iya. Addu'a da tofi babu abin da suke karo da shi, haka ruwan zamzam. Duk abin da za a ba ki ki sha na neman tabarruki a yi shi da tafasasshen ruwa a kwano mai tsabta. Ita za ta dama kunun hantsi. Ita za ta riƙa murza miki ƙafafu da man kaɗanya da dare, a hankali, wanda ke rage bushewar fata ya kuma jawo barci. Ki same ta ku biyu ki ce, "Inna, na san don ni kike yi. Likita ya ce jiƙon da maganinsa ba sa haɗuwa a ciki ɗaya, a ajiye shi tukuna. Addu'arki da hannunki nake bukata." In maganar ta fi ƙarfin bakinki, ki nemi kawu ko malamin da take jin maganarsa, ya tuna mata cewa neman magani umarnin Manzo ne. Abin da na ga ya fi komai tasiri kuwa shi ne ki tafi da ita ɗakin kemo, ki roƙi nas ta haɗa ta da wata da ta gama nata ta zo a duba ta. Ranar da Inna ta ga an ɗaga ɗankwali ga sabon gashi ya tsiro, ta fi jin wannan a kan duk bayanina.

Abu ɗaya kuma da nake so duk gidan su haddace. In ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko kina rawar sanyi, ko amai ya hana ko ruwa zama yini guda, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko ƙarfe biyun dare ne, a kuma faɗa musu tun daga ƙofa cewa kina kan kemo. Kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis, kada a sha farasitamol a jira safiya. Ki karɓi lambar da za a kira, ki manna a bango. Gidan sauro kowane dare. Masu mura su yi dubiya ta waya.

Rashin barcin kwanakin farko sau da yawa daga ɗaya cikin magungunan hana aman ne, ki tambaya ko za a dawo da shi safiya. Sauran kuma na zuciya ne. Barcin rana kada ya wuce rabin awa, ki fita ki sha hantsi, waya ta kwana nesa da filo, musamman tunda ta nan labaran waɗanda suka rasu ke shigowa. In kin yi sati biyu a jere babu abin da ke faranta miki, kina kuka ko kina jin gara a ce babu ke, ki rubuta shi a littafin nan kamar yadda kike rubuta amai, ki nuna wa likita. Shi ma yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. Autarki kuma tsoro ne ya kore ta, yaro in ba a yi masa bayani ba shi zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ya fi muni. Ki kira ta ki ce, "Maganin da nake sha mai ƙarfi ne, shi ya zubar da gashin, zai dawo. Ba a ɗaukar ciwon nan, kuma ba laifin kowa ba ne." Ki ba ta aikin zaɓa miki ɗankwalin kowace safiya.

Minti biyar ɗin likita suna isa in an shiga da shiri. Ki ajiye masa littafin a buɗe, da tambaya uku a rubuce: canza maganin amai, batun jiƙo da bitamin, da izinin motsa jiki. Nas-nas na ɗakin kemo kuwa awanni kike yi tare da su, kuma sun san dabarun da ba a rubuta ba. Ki tambaya ko akwai mai ba da shawarar abinci, da sashen walwalar marasa lafiya, da masu kula da rage raɗaɗi, waɗanda mutane ke ɗauka na masu jiran ajali ne alhali aikinsu sauƙaƙa irin wahalarki ne. Ba ki yi maganar kuɗi ba, amma na san yadda kemo ke cin gida. Akwai asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da ya ƙunshi sankarar mama, kuma asibitin koyarwa na ABU da ke Zariya, da na tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara shi da su. Ƙungiyoyi irin su Medicaid Cancer Foundation ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da Project Pink Blue suna aiki da masu irin lalurarki, ki neme su ko don a haɗa ki da wadda ta riga ki bin wannan hanya.

In tsarinki irin wanda aka fi bi ne, jan ruwan nan saura guda ɗaya, huɗun ƙarshe wani magani ne daban da bai cika sa amai kamarsa ba. Nasa halin ciwon gaɓoɓi ne da jin kamar ana tsikarar yatsu da allura. Ranar da kika ji haka, ko maɓalli ya fara gagarar ki, ki faɗa nan da nan don a daidaita awon maganin, kada kuma ki gwada zafin ruwan wanka da hannunki ko ki taka ƙasa babu takalmi.

Idan kuma duk an yi wannan kika ji ba za ki iya ba, jikinki ne, kina da hakkin faɗa. Amma a gaban likita za ki faɗa, don tsakanin ci gaba a haka da dainawa akwai ɗage mako ɗaya, akwai rage awo, akwai ƙarin ruwa, akwai canza magani. Wadda ta ɓace daga asibiti babu sallama ba a iya yi mata ko ɗaya daga ciki.

Kina da kwana tara, kuma yawancinsu su ne masu sauƙin zagayen. Yau a sayo littafi da ma'auni, gobe bayan la'asar ku fara zagayen tsakar gida ke da Abban yara. Bayan na huɗu ki rubuto min makin da kika ba amai, ki kuma faɗa min ko Inna ta je ta ga gashin nan da idonta.